Ba Ta Awon Ƙafa da Safe

Tun jiya bakina ya ƙi rufuwa. Matata har cewa ta yi in ban rage wannan murmushin ba ƙuda zai shiga. Na ce ki bar shi ya shiga, shi ma ya ji labarin ƙanwata. Ni ba mutumin biro ba ne, da ƙyar na ƙarasa firamare na kama sitiyarin motar kaya, amma wannan labarin in na bar shi a cikina fashewa zan yi.

Ƙanwata ɗinkin takalmi take yi. E, mace, kuma takalmi. Mu biyu ne wurin Inna, na girme ta da shekara tara. A gida Basilla muke ce mata, sunan babbar allurar nan da ake ɗinka fata da ita, don tun tana ƙarama siririya ce doguwa, kuma duk inda ta sa kai sai ta huda ta fita.

Lokacin da sa'o'inta suke wasan 'yar tsana, ita tsinkakkun silifas take tsintowa a bakin kwata, ta wanke, ta ɗaure su da waya. Tana shekara takwas ta ɗauki takalmina guda ɗaya tilo na fita kunya, ta sa wuƙar Inna ta farke shi tun daga baki har dunduniya, wai tana so ta ga abin da ke ciki. Kuma ranar ce zan je neman aikin mota. Da silifas ɗin wanka na je. Da na dawo na ɗaga hannu zan make ta, sai ta ce, "Yaya, ashe kwali suka sa maka a ciki. Sun cuce ka." Hannuna ya sauko da kansa.

Da ta gama sakandare sai ta liƙe wa wani tsoho da ke ɗinki a ƙarƙashin matakalar benen bakin kasuwa, Baba Baduku. Da fari korarta ya yi. Ta samo gwangwanin fenti ta kife shi a gabansa ta zauna, kullum, ba ta ce masa komai sai gaisuwa. Sati uku ana haka. Rannan zare ya ƙi shiga masa allura, ido ya tsufa, sai ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba. Shi ke nan ta shiga. Shekara huɗu ta yi a wurinsa. Maganar da ya fi nanata mata ita ce, "Takalmi ya kama ƙafa kamar fatar jiki." Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Da ta tashi buɗe nata, wuri ya zama matsala. A ƙofar gidanmu akwai wani ɗaki mai kallon titi, na Baffa ne, wan marigayi mahaifinmu. A nan injin niƙansa yake a da, kafin sana'ar ta mutu masa. Shekara bakwai ɗakin yana kulle, kuma ba mai ambaton injin nan a gaban Baffa sai mai neman faɗa. Har yau ƙusoshin da suka riƙe injin suna nan guda huɗu a siminti. Inna ce ta je ta roƙe shi. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya cire ɗan makulli ɗaya ya ba Basilla, ya riƙe ɗaya.

"Shekara biyu na ba ki," ya ce. "In na ga abin kirki, ki zauna. In na ga wasan yara, ki ba ni makullina. Mai askin layin nan ya dame ni in ba shi ɗakin nan."

Shi Baffa yana da wata irin ƙafa. Ta hagun ta fi ta dama faɗi, ƙashin gindin babban yatsa ya turo waje kamar ƙwan kaza. Duk takalmin da ya saya sai ya sa reza ya tsaga gefensa kafin ya iya tafiya, don haka reza ba ta rabuwa da aljihunsa. Basilla ta ce, "Baffa, bari in yi maka naka mana." Ya ce, "Ƙafata ba wurin koyon sana'a ba ce."

A shagon nan akwai bango guda da ba ta rataye kayan sayarwa. In ka shiga, yana hannun dama, sama da keken ɗinki. Bangon takalman da suka kunyata ta ne.

Na farko silifas ne na mata, ja. Ta samu gam mai araha ta yi murna, ta manna ƙasan takalma da shi ba ɗinki. Wata mata ta saya ta sa za ta gidan suna, rana ta buɗe, kwalta ta yi zafi, ƙasan ya rabu da saman a tsakiyar titi. Matar ta dawo ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, ta wurgo shi cikin shagon, ta ce abin da ba zan maimaita ba. Ina wurin. Na zaci Basilla za ta yi kuka. Sai ta ɗauki guduma da ƙusa ta kafe silifas ɗin a bango. Na ce, "Ke, abin kunya ake ɓoyewa." Ta ce, "In na ɓoye shi zan manta, Yaya." Tun daga ranar duk abin da ta manna sai ta bi shi da zare.

Na biyu mai tsini ne, irin wanda ta gani a waya. Kyau kam ba a magana. Amma layinmu duwatsu ne da ramuka, ko akuya sai ta duba kafin ta taka. Wadda ta fara saya tsinin ya karye kafin ta kai bakin titi, sauran suka yi ta shan ƙura a kan kanta har launinsu ya koɗe. Shi ma ya hau bango. Daga nan in mutum ya zo, sai ta fara tambayarsa inda yake bi in zai fita.

Na uku na wani malamin asibiti ne. Ta yi masa da ƙiyasin ido, ya yi masa yawa, yana tafiya yana fat-fat har marasa lafiya suna gane zuwansa tun daga nesa. Ya dawo da shi. Bayan wannan ne ta rantse ba za ta ƙara yin takalmi da lamba ko da ido ba. Ta riƙa tara kwalayen taliya da na sabulu, kowa ya zo ya ɗora ƙafa, ta zagaye ta da fensir, ta yanka fata daidai wa daida, ko tsinke ba zai shiga ba. Manya suka ji daɗi, aka fara zancenta a layi. To wannan darasin da ya ɗaga ta, shi ne ya kusa kayar da ita.

Saura wata uku shekara biyun Baffa su cika, sai ga shugabar wata ƙaramar makaranta da ke bayan tankin ruwa. Tana so duk yaranta su sa takalmi iri ɗaya in an dawo daga dogon hutu, baƙi sau-ciki mai maɗauri. Yara sittin da huɗu. Basilla ba ta taɓa samun aiki ko rabin wannan ba. Har da jikar Baffa a makarantar, 'yar aji uku, wadda yake tsokana yana ce mata Amarya.

A nan ni ma na sa baki, kuma ba zan ɓoye ba. Basilla ta ce za ta jira a dawo hutu ta auna. Na ce, "Haba, ba a fafe gora ranar tafiya. Ki auna su yanzu kafin a tashi, ki samu hutun gaba ɗaya kina ɗinki a tsanake." Ta ce, "Ka yi gaskiya, Yaya." Na ji kaina ya yi girma, wai ni mai ba da shawara.

Ni na kai ta a mota ranar awon. Da sassafe ne, bayan yara sun gama layi. Aka ajiye benci a baranda, kowane yaro ya zauna ya cire takalmi, ya ɗora ƙafa a kwali, ta zagaye, ta rubuta suna. Yara suna dariya wai fensir yana musu cakulkuli. Kafin ƙarfe goma mun gama.

Hutun nan Basilla ba ta je ko'ina ba. Duk abin da ta tara ta zuba a fata mai kyau. Yatsunta suka yi kanta, bayanta ya ƙage, Inna tana kai mata abinci shago yana hucewa ba ta taɓa ba. Kowane takalmi ta rubuta sunan mai shi a cikin harshensa da farin fenti. Da ta gama ta jera su a ƙasa tun daga ƙarami har babba, suna ƙyalli, kai ka ce sojoji ne. Baffa ya zo wucewa ya tsaya ya leƙa. Ya yi gyaran murya ya wuce. A wurin Baffa wannan yabo ne.

Ranar Litinin da aka koma makaranta na loda su a mota, na sa rigata mai kyau kamar ni na ɗinka. Aka kira suna ɗaya-ɗaya. Yaran suka zo da sababbin safa farare masu kauri, don dokar makarantar ce. Yaro na farko ya tura ƙafa, ta ƙi shiga. Malama ta taya shi, ta shiga da ƙyar, ya miƙe ya yi taku biyu ya ɓare baki. Na biyu haka. Na uku dunduniyarta ma a waje ta tsaya. Kafin a kai aji biyu baranda ta cika da kuka. Cikin sittin da huɗu, tara kawai suka yi daidai.

Shugabar ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi sauƙi. Ta ce, "Baiwar Allah, na tsallake 'yan kasuwa na zo wurinki don an ce kina awo. Wannan ne awon? Me zan gaya wa iyayensu?" Basilla ta tsaya da takalmi ɗaya a hannu tana juya shi. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

Amarya ba ta yarda ta cire nata ba, don ta ƙwallafa rai a kansa tun cikin hutu. Da shi ta wuni, da shi ta tako gida. Da aka cire, duk dunduniyarta bororo, ɗaya ya fashe. Baffa ya ɗauko ta a kafaɗa ya kawo ta har ƙofar shago, ya ɗaga ƙafar yarinyar.

"Kin gani? Amaryata kika gurgunta mini. Na ce in na ga wasan yara. To yau na gani da idona. Asabar da safe ki ba ni makullina."

Bayan ya tafi na ce, "Basilla, laifina ne. Ni na ce ki auna da wuri."

Ta ce, "Kai ka ce in auna da wuri. Amma wata biyu da rabi ba zai sa ƙafa ta ƙaru haka ba, Yaya. Akwai wani abu kuma."

Ni ina tunanin inda za mu kai keken ɗinki ranar Asabar, ita tana tunanin ƙafa. Washegari da safe ta shiga cikin gida da kwali, ta lallashi Amarya da alewa, ta zaunar da ita ta zana ƙafarta ba safa, kamar yadda ta yi a makaranta. Da yamma, bayan yarinyar ta gama tsalle-tsallenta na yini, ta sa mata safa, ta tsayar da ita a kan wani kwalin ta sake zanawa. Sai ta yanke zanen uku da almakashi, na kafin hutu, na safe, da na yamma, ta ɗora su kan juna ta kira ni.

"Duba nan. Wannan ɗan siririn, girman hutu ne. Wannan kuma tsayuwa ce, in mutum ya tsaya ƙafa baje wa take. Ga kumburin yini, ga kaurin safa. Haɗa su duka."

Na ɗora babban yatsana a tsakanin zanen farko da na ƙarshe. Ya zauna cif.

Ta ɗauki kwalayen ta tafi wurin Baba Baduku, na bi ta. Tsohon ya daɗe yana shafa su da hannu. Ya ce, "'Yata, ni na koya miki takalmi ya kama ƙafa kamar fatar jiki, kuma ban yi ƙarya ba. Amma ni tsofaffi nake ɗinka wa. Ƙafafun da suke zuwa wurina sun gama girma, wasu ma sun gama tafiya. Ban taɓa ɗinka wa ƙafar da take kan hanya ba. Wannan karatun naki ne, ba nawa ba."

To an gano ciwo, amma takalma hamsin da biyar suna nan tsube a shago, ba fatar sake wasu, ga Asabar tana tahowa. Ranar Laraba da rana muna zaune a tsakar gida, an zuba abinci ba mai ci. Inna tana ninke wanki tana ta faɗa, ita a dole lallashi take.

"Ni ban ga abin kashe kai ba. Yara dama haka suke. Wannan ƙaton," ta nuna ni da haɓa, "duk wata uku sai riga ta matse shi. Na taɓa zubarwa? In ta matse shi in ajiye, in kin taso ki sa. Har wandonsa kin sa, kina yawo kamar buhu."

Basilla ta ajiye cokali. "Inna, sake faɗa."

"Na ce kamar buhu."

"A'a, na gaban."

Ba ta ma jira ba ta miƙe, mayafinta a hannu. "Yaya, tashi ka tada mota. Takalman nan lafiyarsu ƙalau. Masu su ne ba daidai ba."

A ofis shugabar ta bar mu a tsaye. Ta ce, "Kin san iyaye nawa suka zo nan tun Litinin?" Basilla ta ce, "Na sani, Malama, kuma duk abin da suka faɗa na cancanta. Ba haƙuri na zo bayarwa kawai ba." Ta shimfiɗa kwalayen nan uku a kan tebur ta nuna mata komai, ba ta ɗora wa hutu laifi ba, ba ta ɗora wa safa ba, ba ta ambaci sunana ba. Ta ce, "Ki ba ni yammacin gobe, bayan sun dawo daga wasa. Na ɗan aji huɗu zai yi wa ɗan aji uku, na ɗan aji uku zai yi wa ɗan aji biyu. Waɗanda suka rage ba su samu ba, ni zan yi musu sabo."

Shugabar ta cire tabarau ta dubi kwalayen, ta dubi Basilla. Ta ce, "Gobe kaɗai. In yaro ɗaya ya yi mini kuka, ki kwashe kayanki."

Ranar Alhamis na ga aiki. Yara sun dawo daga fili, gumi sharkaf, ƙafa ta sha gudu. Kowa da safarsa, kowa a tsaye a kan sabon kwali. Ta zana, ta ɗora babban yatsanta a gaban zanen ta ƙara layi, sannan ta waiwaya cikin jerin takalma ta zaɓo. In yaro ya sa, sai ta danna bakin takalmin ta ji inda yatsa ya tsaya, ta ce, "Ruga ka taɓo bangon can ka dawo." In ya dawo yana dariya, ya samu. In ya ɗan yamutsa fuska, ko bai ce komai ba, ta ce cire. Ni aikina goge tsohon suna da tsumma da kananzir, malamar aji ɗaya tana rubuta sabo. Wani ɗan aji biyu ya ce shi ba zai sa takalmin wani ba. Basilla ta ce, "Na ɗan aji uku ne fa. Ashe ba ka kai ba, kawo." Ya rungume shi ya ce ya kai.

Kafin a tashi, yara hamsin da ɗaya sun tafi gida da takalmi a ƙafa, har da Amarya, da auduga a dunduniya. Sha uku manya suka rage, su ne za a yi wa sabo, ƙanana sha uku kuma suka dawo shago ba mai su. Shugabar ta ce, "Sati biyu na ba ki." Da muka dawo, Basilla ta ɗauki ƙafa ɗaya cikin ƙananan nan ta kafe a bango, ta haɗa da kwalayen uku a ƙusa ɗaya.

Amma Baffa bai janye maganarsa ba. Asabar da hantsi sai ga shi, mai aski yana biye da shi da tef ɗin awo a wuya. Mai askin ko sallama bai gama ba ya fara auna inda madubi zai zauna. Ya kai hannu zai cire jan silifas ɗin nan, Basilla ta ce, "Malam, kar ka taɓa."

Baffa ya juyo. Ina jin ranar ce ya fara duban bangon da kyau. Ya ce, "Wannan tarkacen fa?"

Ta bi su ɗaya-ɗaya. Wannan gam ne. Wannan ban dubi hanya ba. Wannan na yi da ido. Wannan kuma na Litinin ne, na auna yara a zaune, da safe, ba safa, na manta suna girma. Ba ta yi rawar murya ba, kamar mai nuna hotunan 'ya'yanta.

"Kuma kullum kina kallonsu?"

"Kullum, Baffa. Su suke hana ni maimaitawa."

Na ga Baffa ya sunkuyar da kai, ya sa bakin takalminsa yana taɓa ɗaya daga ƙusoshin injin nan da ke siminti. Ya daɗe a haka. Can sai ya zame tsagaggen takalminsa na hagu, ya jawo kwali da ƙafa, ya ɗora wannan ƙafar tasa a kai.

"Auna. In kika yi mini wanda ban sa masa reza ba, ki zauna."

Wallahi saura kaɗan in yi guɗa, ni namiji. Ga dama ta zo har gida. Na ɗauko fensir da kaina na miƙa mata. Ba ta karɓa ba.

"Ba na awo da safe, Baffa. Ka je ka yi harkokinka, ka dawo bayan la'asar, da safar da kake sawa."

Mai aski ya fashe da dariya. Ni kuwa na taka mata ƙafa a hankali, ta janye.

Baffa ya ce, "Ni kike kora? A ɗakina?"

"Ba korarka nake ba. In na auna yanzu, da yamma zai matse ka, ka sa masa reza, ya hau bangon nan. Gara ka karɓi ɗakinka da in yi maka wannan." Ta kwance ɗan makullin daga bakin zaninta ta ajiye a kan tebur.

Baffa ya dubi makullin, ya dube ta. Ya mayar da takalminsa ya fita, bai ɗauka ba, bai kuma ce ta mayar ba. Mai aski ya naɗe tef ɗinsa ya bi shi yana cewa, "Baba, to yaya ke nan? In kawo madubin?"

Na ce, "Basilla, kin kashe mu. Ki zana kawai mana, in ya so ki ƙara yatsa ɗaya!"

Ta ce, "Ƙafar Baffa ba ta yara ba ce, ban san yadda take kumbura ba. Sai na gani." Ta koma kan keke ta ci gaba da na yara sha ukun nan. Makullin yana kan tebur ba wanda ya taɓa shi. Ranar ban fita aiki ba, an kira ni ɗaukar kaya sau biyu na ce mota ba lafiya. Inna ta leƙo ta fi sau biyar wai tana neman tsintsiya.

Aka yi azahar, shiru. Aka yi la'asar, shiru. Na fara duba yadda zan kwance keken. Sai ga Baffa daga ƙarshen layi, a ƙasa, yana ɗingishi, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ashe tun da ya fita bai hau komai ba, da ƙafa ya je kasuwa ya zagaya ya dawo. Ya shigo yana haki, ya zaro safa daga aljihu.

"Na yi yawon. In kuma akwai sauran sharaɗi ki faɗa, ranki ya daɗe."

"Saura ɗaya, Baffa. A tsaye."

Ya tsaya. Ta durƙusa ta zana ta dama, ta zana ta hagu daban, ta zagaye ƙashin nan da zare ta ƙulla. Ta ce ya jira sai ta sallami yaran makaranta, don su ta fara yi wa alkawari. Ya ce, "Ka ji ta kuma." Amma ya jira.

Jiya ta gama. Ruwan ƙasa ne, mai taushi, ta hagun ta yi mata wani ɗan ɗaki a gefe inda ƙashin zai zauna, in ba an gaya maka ba ba za ka lura ba. Baffa ya zo bayan la'asar da kansa, ba wanda ya tuna masa. Ya sa, ya miƙe. Basilla ta ce, "Je ka taɓo bangon can ka dawo." Na ce yau za a yi ta. Sai Baffa ya fita, ya bi layi har gaban shagon mai aski, ya dawo, ya wuce mu, ya sake zagayowa. Amarya tana bin sa a baya da nata baƙin tana cewa angonta ya yi sabon takalmi. Rabona da in ga Baffa yana tafiya ba ɗingishi tun ina yaro.

Da ya shigo bai ce ya yi ba, bai ce bai yi ba. Ya laluba aljihu ya fito da rezar nan ya ajiye a kan tebur. Ya sake lalubawa ya fito da ɗan makullinsa, wanda ya riƙe shekara biyu, ya ɗora kusa da nata.

"Kwaɗon nan ya tsufa," ya ce. "In kin samu sarari ki sake shi. Ba sai kin ba ni ɗan makullinsa ba."

Sai ya ce in miƙo masa guduma. Ya ɗauki tsohon takalminsa mai tsaga, ya nemi wuri a ƙarshen bangon, ya kafe shi da kansa. Basilla ta ce, "Baffa, wannan ai ba aikina ba ne." Ya ce, "Na sani. Bangon ne nawa."

Inna tana bakin ƙofa tana share ido da gefen mayafi, wai hayaƙin gam ne. Ni kuwa na fita na shiga mota na danna ham sau uku, ba gaira ba dalili, har maƙwabta suka leƙo.

Yau da safe na biya shagon kafin in fita aiki. Na ce, "To Hajiya mai ɗaki, tunda abin ya zama haka, akwai wani takalmi da aka farke mini da wuƙa kusan shekara ashirin da suka wuce, har yau ban ga madadinsa ba." Na cire silifas na ɗora ƙafa a kwali.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta sa basillar da ke hannunta ta nuna mini rana, wato safiya ce.

Na mayar da silifas ɗina. Ƙarfe huɗu zan koma, safata tana aljihu.